Man Calmugra a Tarihin Maganin Kuturta

1.0 Gabatarwa

Daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, watau shekara kusan 90, likitocin asibiti ba su da wani abin kirki da za su miƙa wa mai cutar kuturta da sunan magani in ban da wani mai da ake tatsowa daga ƙwallon wani itace na dazuzzukan Indiya da Bama. Sunansa man calmugra. An sha shi, an shafa shi, an yi allurarsa ga dubban mutane daga Kalkata zuwa Hawai, daga Manila zuwa Kano da Katsina, sa'an nan cikin shekara goma kacal aka yi watsi da shi, har ya zamana yau da wuya a sami ma'aikacin asibiti da ya taɓa ganin kwalbarsa.

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun wannan magani tun daga hannun masu maganin gargajiya har zuwa ɗakin bincike, da yadda ya iso ƙasarmu, da kuma tambayar da ta fi kowace wuya, watau ko ya warkar da kowa. Za a ga na yi amfani da kalmar "kutare" a wuraren da tarihi ya zo da ita, ko da yake ma'aikatan lafiya sun fi son a ce "masu cutar kuturta", kuma suna da hujja.

2.0 Itacen da Waɗanda suka Fara Saninsa

Kalmar calmugra daga harshen mutanen Bangal ta fito. Itatuwan da ke ba da man dangi ɗaya ne, waɗanda masana tsirrai ke kira Hydnocarpus, kuma uku daga cikinsu ne suka yi suna: na Bama da Asam, da na duwatsun kudu maso yammacin Indiya, da na Siyam da Kambodiya. Ɗan itacen ya kai girman lemon zaƙi, yana da ɓawo mai tauri, a cikinsa kuwa akwai ƙwallaye masu yawa. Man da ake samu daga ƙwallayen yana da kauri da wari, in an yi sanyi yakan daskare kamar man kaɗanya. Mutanen wuraren sun daɗe da sanin cewa akwai dafi a itacen, don suna zuba 'ya'yansa a ruwa su bugar da kifi, kamar yadda masuntanmu ke yi da magimfa.

Tsohon littafin likitancin Indiya da ake danganawa ga Sushruta ya ambaci wani ƙwallo mai suna tubaraka a matsayin maganin ciwon da ya kira kushta, kuma masana sun tafi a kan cewa ɗaya daga cikin itatuwan nan yake nufi. A Bama akwai hikayar wani sarkin Banaras mai suna Rama, wanda kuturta ta kama shi ya bar gadon sarauta ya shiga daji, ya riƙa cin 'ya'yan itacen kalau har ya warke, sa'an nan ya warkar da wata 'yar sarki da ya tarar an yasar a dajin saboda ciwo iri ɗaya, ya aure ta. Mutanen Sin kuwa sayen ƙwallon suke yi daga Siyam da maƙwabtanta. Suna kiransa da-fan-zi, watau ƙwallon babbar iska, domin "babbar iska" ɗaya ne daga cikin sunayen kuturta a wurinsu, kuma Li Shizhen ya kawo shi a babban kundinsa na magunguna da aka buga a ƙarshen ƙarni na 16.

A nan ya kamata mai nazarin tarihi ya yi taka-tsantsan. Kalmar kushta ta ƙunshi cututtukan fata masu yawa, daga kuturta ta ainihi har zuwa irin su makero da ƙazuwa. Mu ma mun san irin wannan, don kalmar albaras da muka aro daga Larabci takan hau kan farin tabon da ba ya cutar da komai, takan kuma hau kan tabon farkon kuturta, alhali malaman fiƙihu sun rarrabe juzamu da barasu sa'ad da suke lissafa aibobin da ake mayar da aure saboda su. Saboda haka in tsohon littafi ya ce ƙwallo kaza ya warkar da kushta, ba a nan take za a ce ya warkar da cutar da Gerhard Hansen ya ga ƙwayarta a madubin likita a garin Bagen na ƙasar Nowe a 1873 ba.

3.0 Daga Kasuwar Kalkata zuwa Ɗakin Bincike

Wanda ya shigar da man cikin likitancin Turawa shi ne Frederic Mouat, malami a Kwalejin Likitanci ta Bangal. A 1854 ya buga bayanin yadda ya gwada shi a kan 'yan majinyata kaɗan a Kalkata, ya ce ya ga gyambunansu sun kame. Daga nan sai labari ya bazu.

Amma fa an yi shekara kusan 50 ana ɗora man a kan itacen da ba nasa ba. Littattafan magunguna na Turai duka sun rubuta cewa daga wani itace mai suna Gynocardia odorata yake fitowa, domin ƙwallayen sun yi kama, kuma Turawan a kasuwa suke ganinsu, ba su taɓa ganinsu a kan reshe ba. Sai a 1901 David Prain na lambun binciken tsirrai na Kalkata ya tabbatar da itacen gaskiya. Tsakanin 1904 da 1905 kuma Frederick Power da abokan aikinsa a ɗakin binciken Wellcome da ke Landan suka rarrabe abin da ke cikin man, suka sami wasu sinadaran asid guda biyu da suka raɗa wa suna calmugrik da hidnokafik. Abin da ya bambanta su da na man gyaɗa ko man ja shi ne wani ɗan zobe mai ƙwayar kabon 5 da ke maƙale a ƙarshen kowannensu. Suka kuma nuna cewa man Gynocardia ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Ma'anar wannan ita ce duk wani rahoto na nasara ko na kasawa da aka rubuta kafin lokacin, sai an fara tambayar wane mai ne a kwalbar.

Daga baya an sami irin waɗannan sinadarai a wani ƙwallo na Afirka ta Yamma mai suna gorli, wanda mutanen Saliyo da Gini suka daɗe suna shafa mansa ga ciwon fata. A 1920 kuma Ma'aikatar Gona ta Amurka ta aiki Joseph Rock ya ratsa Siyam da Bama da Asam neman iri, aka dasa abin da ya kawo a Hawai.

4.0 Matsalar Shan Man, da Aikin Alice Ball

Babban cikas ɗin calmugra shi ne ciki ba ya karɓarsa. In majinyaci ya sha gwargwadon da likita ke so, sai tashin zuciya da amai su hana shi ci gaba, da yawa kuwa suka gwammace ciwon da maganin. Shafawa ba ta kai wa ga ƙwayar cutar. Saura allura. Wani likita a Alƙahira mai suna Tourtoulis ya fara gwada ta cikin shekarun 1890, amma mai mai kauri irin wannan ba ya bin jiki, sai ya taru a ƙarƙashin fata ya zama kumburi mai zafi, wani lokaci ya yi mugunya ya fashe. A Manila Eliodoro Mercado da Victor Heiser suka gauraya shi da man kafur don ya saki. A Kalkata Leonard Rogers ya mai da shi gishirin da ke narkewa a ruwa wajen 1916, ya riƙa sa shi a jijiya, sai dai jijiyoyin sukan toshe in an daɗe ana yi.

A tsakiyar wannan fafutika ne wata yarinya Baƙar Amurka ta shigo. An haifi Alice Ball a Siyatil a 1892. A 1915 ta sami digiri na biyu a ilmin haɗa sinadarai a Kwalejin Hawai, ita ce mace ta farko kuma baƙar fata ta farko da ta yi haka a wurin, aka kuma ɗauke ta koyarwa. Wani likita na asibitin kutare na Kalihi, Harry Hollmann, ya nemi ta taimaka masa da matsalar man. Cikin ƙasa da shekara biyu ta fito da hanyar ware sinadaran asid ɗin daga man, ta haɗa su da barasa, suka koma wani ruwa mai sauƙi da allura ke iya zuƙa, jiki kuma ya sha. Gaskiya ne kamfanin Bayer na Jamus ya riga ya fitar da wani abu mai kama da wannan da sunan Antileprol kafin Yaƙin Duniya na Farko, amma hanyar Ball ce aka bi a Hawai aka riƙa yin maganin da yawa ana aikawa ƙasashe.

Ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ta rasu ranar 31 ga Disamba 1916 tana da shekara 24, kafin ta buga sakamakon aikinta. Shugaban kwalejin, Arthur Dean, ya ci gaba da aikin ya buga shi ba tare da ambatonta ba, har duniya ta riƙa cewa "hanyar Dean". A 1922 Hollmann ya rubuta maƙala ya faɗi wadda ta yi aikin, ya kira hanyar da sunanta, amma maganarsa ta bi iska. Sai a 2000 Jami'ar Hawai ta kafa allon tunawa da ita a gindin itacen calmugra da ke harabarta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

5.0 Isowarsa Nijeriya

Labarin cewa ana sallamar kutare daga asibiti a Hawai da Indiya ya sa Leonard Rogers da wasu suka kafa ƙungiyar BELRA a Landan a 1924, watau ƙungiyar taimakon kutare ta Daular Ingila. Da bakinsu suka ce za a iya kawar da cutar daga daular cikin 'yan shekaru gommai. Suka shiga rarraba man da gishirinsa mai suna Alepol ga asibitocin gwamnati da na mishan, har da irin itacen don a gwada shukawa a Afirka.

A kudancin Nijeriya abin ya zo a kan gaɓa, domin allurar tunjere da danginsa ta riga ta sa mutane sun yi imani da allura. Sa'ad da aka ji cewa Dokta A. B. Macdonald na mishan ɗin Sikotlan yana yi wa kutare allura a Itu, sai suka yi ta kwararowa ta Kogin Kuros suna kafa bukkoki, har a 1928 aka buɗe matsuguni sosai, wanda daga baya ya tara dubban mutane da gonakinsu da makarantarsu da kotunsu. Aka buɗe na Garkiɗa a 1929, na Uzuakoli a 1932.

A ƙasar Hausa labarin ya sha bamban. Tun kafin zuwan Turawa kuturu yana zaune cikin gari ne, yana bara ko wata 'yar sana'a, yana aure, yana da Sarkin Kutare da ke tsaya masa a fada. Ana ƙyamarsa, ana yi masa habaici a karin magana, amma ba a kai shi daji a yar ba, kuma galibin mutane sun ɗauki cutar a matsayin gado ko ƙaddara. Karin maganar nan ta "kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano" ta isa shaida cewa yana shiga kasuwa yana ciniki. Wani mai nazarin al'adu, Ailon Shiloh, ya rubuta a 1965 cewa wannan sassauci na Hausawa ya bambanta ƙwarai da abin da aka sani a Turai. To mutumin da ke da irin wannan 'yanci, me zai sa ya bar gari ya koma zango a bayan ganuwa? Matsugunan da hukumomin En'e suka fara kafawa sun fi kama da gidajen gajiyayyu, waɗanda ciwo ya riga ya cinye su ne ke zuwa.

Bayan ziyarar da Ernest Muir na BELRA ya kawo Nijeriya a 1936, sai aka shirya miƙa aikin ga ƙungiyoyin mishan. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya karɓi matsugunan lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda aka sani da Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, SUM kuma ya karɓi na Molai kusa da Maiduguri. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin tun zamanin Lugga gwamnati ke taka wa mishan burki a ƙasashen sarakunan Musulmi, kuma sarakunan sun yarda ne bisa sharuɗɗa game da wa'azi, sharuɗɗan da aka yi ta jayayya a kansu daga baya. A ganina duk wanda zai rubuta tarihin mishan a Arewa bai ba kwalbar calmugra babinta ba, ya bar giɓi, don ita ce ta buɗe ƙofar da shekara 30 na roƙo ba su buɗe ba.

Yadda ake maganin kuwa sai mai haƙuri. Sau ɗaya ko sau biyu a mako majinyata ke yin layi. Ban da allurar tsoka, akwai wadda ake yi cikin fata, inda ma'aikaci zai bi tabo yana tsira allura yana ɗiga mai kaɗan-kaɗan, huda gommai a zama ɗaya, kuma haka za a yi ta yi shekara da shekaru. Yawancin masu yin allurar majinyata ne da aka koya wa aikin, kuma daga cikinsu aka sami rukunin farko na ma'aikatan kuturta 'yan ƙasa.

6.0 Ko ya Warkar?

Ba shakka an sallami mutane da yawa da takardar cewa ciwonsu ya tsaya, kuma likitocin da suka ba da takardun ba maƙaryata ba ne. Amma akwai abubuwan da ilmin yau ya bayyana waɗanda ke rage wa waɗannan alkaluma nauyi.

Kuturta ba fuska ɗaya gare ta ba. Akwai mai 'yan tabo kaɗan, wadda jiki ke yaƙi da ita da ƙarfi har da wuya a ga ƙwayar cuta a fata, kuma irin wannan sau da yawa takan mutu da kanta ko an yi magani ko ba a yi ba. Akwai kuma mai yaɗuwa, mai kumbura fuska da kunne, wadda ƙwayoyin cuta ke cika jiki. Nasarar calmugra kusan duk a kan iri na farko aka same ta, kuma da likitoci suka lura cewa sabon kamu ya fi "jin magani", sai suka riƙa fifita shi wajen ɗauka, abin da ya ƙara kyautata lissafinsu. Masu iri na biyu da aka sallama a Hawai da Filifin kuwa, da yawansu sun komo da ciwon. Bugu da ƙari, wanda ya shiga matsuguni yakan sami abinci da wanka da maganin tsutsar ciki da na zazzaɓi da wankin gyambo, waɗanda su kaɗai sun isa su canza kamannin mutum. Har ila yau allurar cikin fata takan sa tabo mai haske ya yi duhu, ga baƙar fata kuwa tabon da ya yi duhu ya ɓace ke nan a ido. Ga kuma jinkirin cutar kanta: ƙwayarta takan ɗauki kusan mako 2 kafin ta rabu biyu, tana iya yin shekara 5 ko fiye a jiki ba ta nuna alama ba, tana lafawa tana tashi. Likitan da ya ga lafawa bayan allura, dole zuciyarsa ta ce allurar ce.

Hanyar da za ta raba gardama, watau a kasa majinyata kashi biyu ta hanyar ƙuri'a a ba wasu magani a hana wasu, ba ta zama al'adar likitoci ba sai bayan gwajin maganin tarin fuka da aka buga a Ingila a 1948. Kafin nan shaidar ido ce kawai, irin wadda har yau ake kafa hujja da ita a kan man habbatus sauda ko na darbejiya in an shafa wa ƙurji ya baje. Duk da haka tun a 1942 George McCoy na hukumar lafiya ta Amurka, wanda ya yi aikin kuturta a Hawai, ya bi rahotannin ya ce bai ga tabbatacciyar hujjar amfanin man ba.

Amma kuskure ne a tsaya nan. Kafin calmugra, abin da hukuma ta sani game da kuturu shi ne ta kama shi ta keɓe shi, kamar yadda aka yi a tsibirin Molokai daga 1866 da tsibirin Kuliyon daga 1906, saboda haka duk wanda ya ga tabo a jikinsa sai ya rufe shi da riga. Da aka ce akwai magani, sai mutane suka fara kawo kansu tun ciwo bai ci jijiya ba, aka sami asibitoci da rajista da ma'aikata da ɗakunan bincike. Maganin da ya zo daga baya a kan wannan shimfiɗa ya sauka.

7.0 Faɗuwarsa

A 1941 Guy Faget ya fara gwada wata allura mai suna Promin a asibitin kutare na Kabil a jihar Luwiziyana, ya buga sakamakon a 1943, kuma a karon farko aka ga masu kuturta mai yaɗuwa suna samun sauƙin da ba ya bukatar gardama. Tushen Promin wani sinadari ne mai suna dafson, wanda aka haɗa a Jamus tun 1908 aka ajiye shi don ana ganin dafinsa ya yi yawa. A Uzuakoli ne John Lowe ya nuna, wajen 1949, cewa in an rage yawansa ana iya haɗiyarsa lafiya. Ƙwaya ce ƙarama mai arha, ba ta bukatar allura, ba ta bukatar matsuguni. A farkon shekarun 1950 Dokta C. M. Ross ya shimfiɗa tsarin raba ta mako-mako a ƙananan ɗakunan shan magani na karkarar Arewa, mutum ya karɓa ya koma gonarsa, tsarin da ya dace da zaman da Bahaushe ya saba yi da cutar tun asali. Daga baya ƙwayar cutar ta fara gagarar dafson, aka tabbatar da haka a Malesiya a 1964, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku a 1981, ɗaya daga cikinsu ma, klofazimin, a Uzuakoli Stanley Browne ya fara gwada shi a kan kuturta. A 1998 Nijeriya ta sauko ƙasa da majinyaci 1 cikin mutum 10,000, ko da yake a 2019 an lissafa sababbin kamu kimanin 200,000 a duniya.

Shi kuwa calmugra, hukuncin ɗakin bincike a kansa ya zo a makare. Ƙwayar kuturta ba ta tsiro a kwalba, saboda haka ba a sami hanyar gwada magani a kanta ba sai a 1960, sa'ad da Charles Shepard ya gano tana yaɗuwa a tafin ƙafar ɓera. A 1973 Jacobsen da Levy suka nuna cewa asid ɗin hidnokafik yana hana wata 'yar uwar ƙwayar kuturta girma, bisa alama ta hanyar tare mata amfani da bitamin ɗin nan biyotin. A 1975 Louis Levy ya gwada sinadaran calmugra a kan ƙwayar kuturta kanta a ƙafar ɓera, ya ga suna rage mata yaɗuwa, ko da yake ƙarfinsu bai kusa da na dafson ba. Sa'ad da wannan sakamako ya fito, an yi fiye da shekara 20 da daina layin allurar calmugra a Uzuakoli da Yadakunya.